Shekarar da Na Yi Kwali da Rubutun Uwarku

Akwai abu ɗaya da na yi da hannuna wanda, da Allah zai mayar da ni baya, shi zan fara warwarewa. Na ɗauki littattafan rubutu guda huɗu na uwarku Saude, na yayyaga su warƙa-warƙa, na shafe su da kunun rogo, na danne da dutse har suka zama kwali. Kun sha jin labarin a bakinta tana dariya, shi ya sa kuka ɗauka abin dariya ne. A lokacin ba wanda ya yi dariya a gidanmu na unguwar Mandawari. Ina so ku ji shi daga wajena, ni da na yi laifin, tun idona yana iya bin layin takarda.

Sana'ar da na gada dukanci ce, amma ba na takalmi ko jaka ba. Mu tadarishi muke yi. Ku da kuka tashi da Alƙur'ani mai ɗinkakken bango ba lalle ku san shi ba. Kwali biyu ne masu kauri da ake lulluɓewa da jar fata, a sa warƙoƙin Alƙur'ani a tsakaninsu, a ɗaure da igiyar fata. Kwalin ba sayowa muke ba, mu muke yin abinmu. A samo takardu, a dama garin rogo ya yi kauri, a shafa, a ɗora warƙa a kan warƙa har sai ya yi ƙarfi, sannan a danne a shanya. Tun muna yara aka koya mana cewa takarda iri biyu ce. Wadda ke da rubutun Larabci, ko guntuwa ka gani a ƙasa, sai ka ɗauka ka kaɗe ka soke ta a jikin katanga don kada a taka. Wadda ke da rubutun boko kuwa ta ƙunshe ƙosai ce da tsire, sai kuma kwali. Na yi aji huɗu a firamare kafin mahaifina ya mayar da ni rumfa. Ina haɗa baƙi, ina karanta wasiƙa da ƙyar, amma bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa a cikin boko akwai abin da za a girmama.

Uwarku 'yar malamin makaranta ce, ta wajen uwa kuma jinin Larabawan nan ce da kakanninsu suka zo fatauci daga Tarabulus suka zauna a birni. Ta tare da kayan ɗaki kamar kowace amarya, da ƙarin wani akwatin ƙarfe shuɗi cike da littattafan da mahaifinta ya bar mata. Yawancinsu wasannin kwaikwayo ne na da, irin waɗanda aka karanta a makarantu, da labaran da aka gina a kan tarihi. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ta karanta mata, don a lokacin ciwon yanar ido ya rufe idon Iya. In na shigo ɗaukar wani abu sai in tarar da su, ɗaya tana karatu tana sauya murya, ɗaya tana tafa hannu tana salati.

"Garba, tsaya ka ji abin da mutumin nan ya yi," in ji Iya.

"Tatsuniya da rana, Iya? Da girmanki?"

"Da girmana. Kai da ƙuruciyarka me ka sani ban da warin fata?"

Ina kuma ganin Saude tana rubutu a wasu littattafai masu layi, musamman in ta dawo daga gaishe da kakarta, tsohuwar da kowa yake ce wa Hajiya Kaka. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka hannunta take motsawa don kada boko ya gudu. Hajiya Kaka ta rasu da damina, aka yi zaman makoki aka tashi, rubutun bai tsaya ba.

Bayan rasuwar da 'yan watanni Malam Tijjani, wani babban malami da ke da makaranta a Goron Dutse, ya aiko a yi masa tadarishi goma sha biyu. Ɗalibansa za su yi sauka, yana so kowanne ya tafi da Alƙur'aninsa a cikin sabon tadarishi, kuma yana so a kai masa da wuri don a jera warƙoƙin a tsanake. Tun zamanin mahaifina muke yi masa aiki, ba a ce masa a'a. Sai aka yi rashin sa'a, mutumin da ke kawo mini tsofaffin takardu daga wani ofis bai zo ba, waɗanda nake da su kuma ba za su isa ba. Saude tana Zariya, ƙanwarta ta haihu. Na shiga ɗakinta na buɗe akwatin nan. Littattafan da aka buga ban taɓa su ba, ba don mutunci ba, sai don warƙoƙinsu ƙanana ne. Na rubutun nan huɗu kuwa masu faɗi ne, takardar mai kyau. Na ga rubutunta da biro, a cike, har gefe. Wallahi ko layi ɗaya ban karanta ba. Na zauna a tsakar gida ina yagawa.

"Me kake yagawa haka?" Iya ta tambaya daga ɗaki.

"Tsofaffin takardu ne, Iya."

Na cakuɗa su da sauran takarduna, suka shiga cikin kowane kwali. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin kwali mai santsi kamarsa ba. Na kai Goron Dutse, Malam ya sa mini albarka.

Ranar da Saude ta dawo, bayan ta gaisa da kowa ta raba tsaraba, sai na ji ƙarar murfin akwati. Can ta fito ta same ni a zaure.

"Malam, ko ka ga littattafaina na rubutu?"

"Waɗannan tsofaffin? Na yi kwali da su, aikin Malam Tijjani ya matse ni. Gobe in sayo miki sababbi, har shida ma."

Ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sababbi," ta ce. "Maganar Hajiya Kaka ce a ciki, Malam. Shekara uku ina zama a gabanta tana faɗa ina rubutawa, ina mayar da ita wasan kwaikwayo. A wace rumfa ake sayar da wannan?"

Ta koma ciki, ta jawo akwatin da kanta har zaure, ta ajiye a gabana.

"Ga sauran. Ka haɗa, kada aiki ya sake matse ka."

Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Tana girki, tana gaishe ni da safe, tana yi mini sannu da zuwa, amma gidan ya mutu. La'asar ta yi, ba tabarma, ba murya. Ni kuma girman kai ya hana ni ba da haƙuri, ina ce wa raina ai takarda ce. Kwana shida Iya ta daure, ran na bakwai ta sa aka kira ni.

"Kai ka kashe mini karatu, kai za ka tashe shi. Mun tsaya a tsakiyar wani littafi, ban san ko an buɗe ƙofar nan ba. Ɗauko shi ka zauna."

"Iya, ni karatuna ba ya gudu."

"Ni ma ba inda za ni. Zauna."

Haka na fara, ina ɗan shekara talatin da wani abu, ina bin layi da yatsa kamar ɗan aji biyu. Littafin wasa ne, a kan wani sarkin ƙofa a zamanin yaƙe-yaƙe. Doka ta ce da faɗuwar rana a rufe ƙofar gari, ba a buɗe wa kowa sai gari ya waye. Rannan ya rufe, sai ga ƙanensa a waje yana bugawa, mahara kuma suna kusa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu mai ba da labari. Suna ne kawai, sai magana, sai wani suna, sai magana. Ni kuwa har sunayen nake karantawa da ƙarfi, da murya ɗaya, kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

"Kai, daina kiran sunansu!" in ji Iya. "Saude ba haka take yi ba. In sarkin ƙofa ne ka zama sarkin ƙofa, in ƙanen ne ka ji tsoro. Wa ya taɓa roƙon a buɗe masa ƙofa da muryar mai tallan goro?"

Na gwada. Da na sa tsoro a muryata, sai na ji tsoron ya shige ni da gaske. A nan na gane abin da wasa yake yi wa mutum. Littafin labari yana gaya maka abin da wani ya ji, wasa kuwa sai ya ba ka bakin mutumin ya ce kai ka faɗa. Kuma marubucin bai nuna mini wanda ya yi daidai ba. In na karanta maganar sarkin ƙofa sai in ga gaskiyarsa, gari guda ne a bayansa. In na karanta ta ƙanen sai in ga zalunci ne tsantsa. Na kwana biyu ina fushi da marubucin don ya ƙi yanke hukunci, daga baya na gane ni ya bar wa. A ƙarshe ba a buɗe ƙofar ba. Da safe sarkin ƙofa ya fita ya tarar da takalmin ƙanensa ɗaya. Na kasa ƙarasa layin, Iya ta ce in sha ruwa.

"Ka ga mutumin nan ba mugu ba ne," ta ce. "Abin da ya tarar ana yi ya bi. Leƙawa ce kawai bai yi ba."

Na san da wa take.

Daga nan ba sai an kira ni ba. Muka shiga wani dogon labari na tarihi, a kan wani maƙeri a shekarar da aka kewaye wani birni da yaƙi har abinci ya ƙare. Da can ina cewa irin waɗannan ƙarya ce aka yi wa ado, tunda ba wanda ya ga maƙerin. To, maƙerin ƙirƙira ne, amma yunwar gaskiya ce, da yadda ake auna gero da ƙoƙo, da yadda mata suke kwasar ƙasa a kai ana toshe inda ganuwa ta tsage. Shekara nawa ina wuce ganuwar garinmu ban ɗauke ta komai ba sai tudun da awaki ke hawa. Bayan littafin nan, na tsaya a gindinta wata rana na dafa ta, ina tunanin hannun wa ya dama wannan ƙasa, me ya ci ran nan. Littafin tarihi na makaranta sunayen sarakuna ya ba mu. Wannan shi ya ba ni masu dakon ƙasa. Ba duka ne suka yi mini daɗi ba. Akwai wani wasa na mutanen wata ƙasa da aka juya zuwa Hausa, kowa a ciki in ya buɗe baki sai ya cika shafi, har wanda aka soka da takobi sai da ya yi jawabi kafin ya faɗi. Iya ta ce a garinmu da tuni an yi masa sutura. Muka ajiye shi.

Wata la'asar ina cikin karatu na ɗaga kai, sai na ga labulen ɗakin Saude ya motsa. Ashe tana ji. A ranar na lissafa wa kaina abin da na yi. Waɗannan littattafai da suka sa ni hawaye, an buga su da yawa, in na yaga ɗaya akwai wani a wani gida. Nata guda ɗaya ne a duniya, wadda ta faɗa kuma tana kabari. Sai wani tunani ya zo mini irin na mai sana'a: kunun rogo yana sakewa a ruwa, biro kuma ba ya zuba kamar tawada.

Saura kwana tara a yi sauka na tafi Goron Dutse. Baduku ya je ya ce a ba shi aikin da ya riga ya kai, ya farke shi, wannan abin kunya ne da zai zaga kasuwa. Ga shi kuma sai na faɗi dalili. Na durƙusa a gaban Malam Tijjani na gaya masa komai, ban rage ba.

"Allah gafarta Malam, so nake a ba ni su in farke, in kawo sababbi kafin ranar, da fatata da aikina."

Ya ja carbi, sannan ya ce, "Me aka rubuta a takardun?"

"Ban karanta ba, Allah gafarta Malam."

"Ba ka karanta ba." Ya sa aka ɗauko ɗaya, ya ba ni wuƙa ya ce in ɗaga gefen fatar. Rubutunta ya bayyana. "Karanta mini wannan."

Na karanta da ƙyar. Wata mata ce take cewa in Allah ya yarda mijinta zai dawo.

"To ka ji," in ji Malam. "Sunan wa ka kira yanzu? Ka ɗauka in an sauya baƙaƙe sai sunan ya sauya? Mu muka koya muku ɗauke takarda daga ƙasa, amma ba mu ƙarasa muku karatun ba. Kwashe su ka tafi. Sai dai goma ne. Biyu daga cikin ɗaliban an aiko mahaifinsu ba lafiya, na sallame su da nasu, sun yi gabas."

Washegari da hantsi na fito da manyan daro biyu tsakar gida, na zuba ruwan ɗumi, na farke fatun da na ɗinka da hannuna, na tsoma kwalayen. Wajen azahar suka fara sakewa. Da bakin wuƙa nake ɗaga warƙa ɗaya-ɗaya, in ta ofis ce in jefar, in tata ce in shimfiɗa a tabarma in ɗora tsakuwa. Wasu sun yage, wasu sun yi dishi-dishi, amma rubutun yana nan. Tsakar gida ta cika da takardu. Saude ta fito za ta ɗebi ruwa, ta tsaya da bokiti a hannu. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da jerawa yadda na ga dama. Ta daɗe a tsaye, sannan na ji ta ajiye bokitin.

"Ba haka ba ne. Wannan gaba yake da wancan. Matsa, Malam, za ka sake ɓata mini."

Na matsa. A nan, muna durƙushe a kan tabarma ɗaya, hannuna duk kunu, na ce ta yafe mini. Ta ce in miƙo mata waccan warƙar tukuna kafin iska ta ɗauke. Sai da muka gama jerawa ta ce ta yafe.

A kwanakin nan na yi aikin da ban taɓa yi ba. Na nemo takardun buhun siminti na yi sabon kwali, na kai goma Goron Dutse ana gobe sauka. 'Yan'uwana dukawa suka samu abin yi. In na wuce sai wani ya ce, "Ga mai wankin takarda! Garba, nawa kake wanke wasiƙa?" Wasu masu ba ni aiki suka janye na ɗan lokaci, wai aikina sai an farke. Ban damu ba, don a gida la'asar ta dawo.

Sai a lokacin na karanta wasan uwarku. Labarin mahaifiyar Hajiya Kaka ne. Mijinta ya bi ayarin raƙuma zuwa Tarabulus, shekara uku ba labari. Dangi suka ce ya mutu, ta ƙi yarda. Kullum da yamma sai ta hau soro ta fuskanci arewa, inda ayari ke ɓullowa. Ina karantawa ina jin tsohuwar nan da na sani tana magana, da irin tsawarta da barkwancinta. Na isa inda aka zo ana buga ƙofar gida, sai rubutu ya yanke. Warƙa goma sha ɗaya babu, ciki har da ƙarshen. Sun yi gabas a cikin tadarishi biyu. Saude ta ce tana tuna abin da ya faru, amma kalmomin tsohuwar sun gudu, su kuma take so.

"Wa ya ce sun gudu?" in ji Iya. "Ba sau biyu kika karanta mini ba? Wanda ba ya gani ai kunne ne akwatinsa. Ɗauko biro."

Ta gyara zama ta fara. Mijin ashe ta teku ya zagayo, ya sauka a Ikko, ya hau jirgin ƙasa da aka fara kawowa, ya shigo gari ta kudu, ita kuwa tana kan soro ta ba shi baya. Iya ta sauya murya ta zama matar: "Shekara uku ina kallon arewa, ka rasa ta inda za ka zo sai ta bayana? Koma ka shigo ta inda na jira ka!" Saude tana rubutu tana kuka tana dariya, tana cewa, "Haka ne, Iya, wallahi haka ta faɗa." Kwana huɗu suka yi suka cike giɓin.

Shekarar da ta biyo baya wata 'yar'uwar Saude da ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta karɓi wasan, ɗalibai suka yi shi ranar ba da kyaututtuka. Na sa babbar rigata, na riƙo hannun Iya muka je. Da aka zo wurin "Koma ka shigo ta inda na jira ka," ɗakin taron ya kaure da tafi da guɗa, Iya kuwa tana faɗar maganar tare da yarinyar da ke kan dandamali. Aka kira sunan uwarku ta miƙe. Wani mutum da ke kusa da ni ya tambaya ko na san ta. Na ce matata ce, ni ne na wanke littafin. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Warƙoƙin nan na asali, masu tabon kunu, na yi musu tadarishi da jar fata mafi kyau da na taɓa samu. Shi ne rubutun boko na farko da aka yi wa haka a rumfarmu. Yana cikin akwatin shuɗi har yau, kun san inda yake. Littattafan cikin akwatin kuwa na karance su duka, wasu sau uku, har wancan mai dogon jawabi na koma na gama shi, ban dai sauya ra'ayi ba.

Abin da nake roƙonku, ku da 'ya'yanku, kaɗan ne. Kada ku yi abin da na yi. In kun ga wani a gidanku ya duƙufa yana rubutu, ku tambaye shi me yake rubutawa, ku zauna ku ji. In takarda ta zo hannunku, kowane irin baƙi ne a kanta, ku karanta kafin ku yaga, ku nemi mai ita. Ni na yi sa'a, da kunun rogo na manne su, kuma Iya tana raye. Warƙa goma sha ɗaya na hannun uwarku har yanzu suna can gabas a cikin fata, ban san a gidan wa ba.